Koyar da Gudanar da Ayyukan Fasahar Bayanai a Jami'a: Jadawali a Takarda da Labarin da Ba Ya Isa Sama

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da jami'o'i ke koya wa ɗalibai a kwas ɗin gudanar da ayyukan fasahar bayanai, sannan ta auna shi da abin da aka gano bayan durƙushewar wasu manyan ayyukan kwamfuta a Birtaniya da Ostireliya da Amurka da Nijeriya. An dogara ga rubutattun bayanai, wato kundayen tsarin karatu da binciken masana da rahotannin hukumomi. Nazarin ya nuna cewa kwas ɗin ya fi ƙarfi wajen dabarun tsarawa da lissafi, alhali ayyukan da aka duba duk suna da jadawali da kasafi, kuma a da yawansu an san da matsalar tun kafin ranar ƙaddamarwa. Abin da ya gagara shi ne isar da mummunan labari ga mai iko, da sauraronsa idan ya isa. Maƙalar ta kuma nuna cewa yadda ake ba da maki a firojet ɗin ƙarshe yana horar da ɗalibi kan ɓoye aibin aikinsa, ta kawo gyaran da sashe zai iya yi ba tare da jiran sabon kasafi ba.

1.0 Gabatarwa

Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya nemi gafara. Ɗalibai 379,997 da suka zauna jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas sai sun sake zama, domin wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawar bai hau kan wasu sabar yadda ya kamata ba, sakamakonsu ya fito a birkice. Kauce wa irin wannan ba ya buƙatar wani sabon ilimin kwamfuta. Tabbatar da cewa gyara ya isa kowace na'ura kafin a buɗe wa jama'a ƙofa magana ce ta tsari: wa zai yi, wa zai duba, wa zai sa hannu cewa an yi. Wannan shi ne fagen gudanar da ayyukan fasahar bayanai.

Aikin da ake nufi a nan shi ne wanda ke da ranar farawa da ranar gamawa da kasafi da takamaiman abin da ake son samarwa, kamar kafa tsarin biyan albashi, ko rumbun bayanan marasa lafiya, ko shafin rajistar ɗalibai. Jami'o'i sun daɗe da karɓar wannan fanni. Tsarin karatun da ƙungiyoyin ACM da AIS suka fitar a 2010 don digirin tsarin bayanai ya sa shi cikin kwasa-kwasai bakwai na dole. A Nijeriya, sabon tsarin karatu na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya sanya gudanar da aiki cikin darussan aji huɗu, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta tsara da kanta. Tun kafin nan ma, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri tana da cikakken sashe na fasahar gudanar da ayyuka.

Saboda haka ba a rasa kwas ba. Tambayar wannan maƙala ita ce: shin abin da ake koyarwa a cikinsa ya dace da abin da ke kashe ayyuka a zahiri?

1.1 Hanyar Bincike

An kwatanta rukuni biyu na rubutattun bayanai. Na farko shi ne abin da ake gina kwas ɗin a kansa: kundin PMBOK na Cibiyar Gudanar da Ayyuka ta Amurka, da tsarin PRINCE2 na Birtaniya, da rubuce-rubucen da suka kafa fannin. Na biyu shi ne bayanan da hukumomi suka fitar bayan aiki ya lalace. An zaɓi ayyukan gwamnati da gangan, domin su ne ake bincika a bainar jama'a a wallafa sakamakon. Kamfani kan binne asararsa ya yi shiru. An tambayi kowane rahoto abu guda: wace dabara ce ta ɓata, kuma tana cikin waɗanda ɗakin karatu ke koyarwa?

2.0 Asalin Abin da Ake Koyarwa

Mafi yawan kayan aikin da ɗalibi ke fara gamuwa da su ba don aikin manhajar kwamfuta aka ƙirƙire su ba. Jadawalin Gantt, wanda ke zana kowane aiki a matsayin sanda a kan layin kwanaki, ya fito ne daga masana'antun Amurka a shekarun 1910. Dabarar gano silsilar ayyukan da ba ta jure jinkiri ta samo asali a kamfanin DuPont a 1957, don tsara gyaran masana'antun sinadarai. Dabarar PERT ta sojojin ruwan Amurka ce, a shirin makami mai linzami na Polaris a 1958. Dukkansu an ƙirƙire su ne don aikin da ido ke gani, wanda za a iya zagawa a ƙirga abin da aka kammala.

Manhaja kuwa ba a ganinta. Tun a taron da ƙungiyar NATO ta kira a Garmisch ta ƙasar Jamus a Oktoban 1968, masana suka yarda cewa manyan manhajoji na wuce wa'adi da kasafi fiye da kima. Royce (1970) ya zana salon aiki mataki-mataki, daga tattara buƙatu zuwa zane zuwa rubutu zuwa gwaji, kuma a cikin takardar ya yi gargaɗin cewa bin sa kai-tsaye kasada ce, tun da gwaji na zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya yi tsada. Abin takaici, zanen ya shahara, gargaɗin ya ɓace a hanya. Brooks (1975), wanda ya jagoranci gina manhajar OS/360 a IBM, ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara na ƙara masa jinkiri. Lissafin mai sauƙi ne: mutum biyar na da hanyoyin magana goma a tsakaninsu, mutum goma na da 45, mutum ashirin na da 190, ga kuma lokacin da tsofaffin ma'aikata za su ɓata suna koya wa sababbi.

Daga nan fannin ya rabu gida biyu. Gida ɗaya ya ƙara tsaurara tsari da takardu: PRINCE ya fito a 1989, PRINCE2 da bugun farko na PMBOK duk a 1996. Ɗaya gidan ya zaɓi a gina kaɗan, a nuna wa mai aiki, a gyara, a ci gaba. Schwaber da Sutherland sun gabatar da Scrum a 1995, sannan a Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah suka sa hannu kan sanarwar da ta ba wannan salo suna, wato ajayil. Bugu na bakwai na PMBOK a 2021 ya sassauta, ya koma ga manufofi 12 maimakon jerin matakai. Kwas ɗin jami'a a yau gauraye ne na gidajen biyu, amma jarrabawa ta fi karkata ga na farko, saboda dalilin da kowane malami ya sani: lissafi ya fi sauƙin maki. Aji mai ɗalibai ɗari biyu ana iya tambayarsu su fitar da silsila mafi tsawo a zane, amsa ɗaya ce. Ba haka ake auna hukunci ba.

A ɗauki misalin da ake yawan bayarwa na auna darajar aikin da aka kammala. Aiki na naira miliyan 10 zai ɗauki wata goma. Bayan wata biyar an kashe miliyan 6, aikin da aka gama darajarsa miliyan 4 ce. Kowace naira ta samar da aikin kusan kwabo 67, don haka idan aka ci gaba a haka aikin zai ci miliyan 15. Ɗalibi mai hazaƙa zai warware wannan cikin minti biyu. Sai dai a lura da inda miliyan 4 ɗin nan ta fito. Miliyan 6 tana cikin takardun akanta, ba ta da gardama. Miliyan 4 kuwa daga bakin mutum ta fito, wani mai rubuta manhaja da aka tambaya ina aka kwana, ya ce an kusa. Abdel-Hamid (1988) ya yi nazarin yadda kiyasin ci gaban aikin manhaja kan hau da sauri har kashi 90, sannan ya tsaya a nan tsawon lokaci. Duk ingancin lissafin yana rataye ne ga gaskiyar wannan baki ɗaya, kuma kwas ɗin bai cika tsayawa a kansa ba.

3.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Littattafan koyarwa da yawa kan buɗe da rahoton CHAOS na kamfanin Standish na 1994, wanda ya ce kashi 16.2 na ayyukan manhaja ne suka yi nasara, kashi 31.1 an soke su, kashi 52.7 sun wuce wa'adi ko kasafi ko sun gaza cika abin da aka alkawarta. Ya kamata ɗalibi ya san waɗannan alƙaluma, ya kuma san sukar da aka yi musu. Jørgensen da Moløkken-Østvold (2006), sannan Eveleens da Verhoef (2010), sun nuna rauni a yadda aka zaɓi ayyukan da yadda aka fassara nasara. Idan ma'aunin nasara shi ne dacewa da kiyasin farko, to manajan da ya kumbura kiyasinsa tun farko shi ne gwarzo. Malamin da ya ba ɗalibai rahoton ba tare da sukar ba ya koya musu haddar lamba a inda ya kamata ya koya musu tuhumarta.

Binciken Flyvbjerg da Budzier (2011) ya fi amfani ga wannan nazari. Sun duba ayyuka 1,471, suka samu matsakaicin wuce kasafi kashi 27, abin da kowace hukuma za ta iya jurewa. Amma ɗaya cikin shida ya wuce kasafi da kashi 200, wa'adi kuma da kusan kashi 70. Ma'ana, haɗarin yana ga 'yan tsirarun ayyukan da suka kuɓuce gaba ɗaya. Aiki ba ya wuce kasafi da kashi 200 a dare ɗaya. Sai an yi ta amincewa da ƙarin kuɗi, taro bayan taro. Keil da Mann da Rai (2000) sun tambayi masu binciken kuɗi da tsarin kwamfuta, suka kiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 na ayyukan na nuna alamun wannan naci, wato ci gaba da zuba dukiya a aikin da shaidu ke nuna ya ɓaci.

Ga ƙasashe masu tasowa, Heeks (2003) na Jami'ar Manchester ya kiyasta cewa kashi 35 na ayyukan gwamnati ta intanet sun rushe gaba ɗaya, kashi 50 sun rushe ta wani ɓangare, kashi 15 ne suka yi nasara. Bayanin da ya bayar ya fi lambobin daraja: girman giɓin da ke tsakanin yadda mai zane ya ɗauki hukuma da yadda hukumar take a zahiri, ta fuskar bayanai da na'urori da hanyoyin aiki da manufofin mutane da ƙwarewarsu da shugabanci da kuɗi, shi ke nuna girman haɗarin rushewa.

4.0 Abin da Rahotannin Bincike Suka Gano

Ranar 26 ga Oktoban 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta koma kacokan kan sabon tsarin kwamfuta na tura motoci. Kiraye-kiraye suka taru, wasu marasa lafiya suka yi sa'o'i suna jira, kuma ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cak. Rahoton binciken da ya fito a Fabrairun 1993 ya gano cewa an ba da kwangilar ga tayi mafi araha, wa'adin ya yi tsauri fiye da hankali, manhajar ba ta kammala ba, ba a gwada ta da nauyin aiki na gaske ba, ma'aikata ba su samu horo isasshe ba. Abin lura ga malami shi ne cewa PRINCE ne tsarin da aka zaɓa don tafiyar da aikin. Sunan tsarin yana kan takarda, amma ba a bi shi yadda ya kamata ba. Rahoton ya kuma yi magana kan yanayin tsoron gazawa da ya mamaye shugabannin hukumar, wanda ya sa babu mai son ya ce wa'adin ba zai yiwu ba.

A jihar Queensland ta Ostireliya, sabon tsarin albashin ma'aikatan lafiya ya fara aiki a Maris 2010. Dubban ma'aikata aka biya ƙasa da haƙƙinsu, ko sama da shi, ko ba a biya su ba sam. Kwangilar IBM ta fara ne a kan dalar Ostireliya miliyan 6.19, daga baya aka kiyasta gudanar da tsarin da gyara shi zai ci kusan biliyan 1.2 cikin shekara takwas. Hukumar binciken da Richard Chesterman ya jagoranta a 2013 ta gano cewa gwaji ya bankaɗo kurakurai masu yawa kafin ƙaddamarwa, sai aka rage wa wasu matsayin tsanani, aka kuma sassauta sharuɗɗan wucewa zuwa mataki na gaba. Wato na'urar auna haɗari ta yi aikinta, mutane ne suka juya allurarta.

Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, ya buɗe ranar 1 ga Oktoban 2013, kuma mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Babban sufeton ma'aikatar lafiya ya ruwaito a 2016 cewa hukumar da ke kula da aikin ta samu rubutaccen gargaɗi sau 18 cikin shekara biyu kafin buɗewa, kuma babban abin da aka rasa shi ne takamaiman shugaba guda da alhakin aikin ke wuyansa. A nan labarin ya isa sama, kunnen da zai ji shi ne babu. Keil da Robey sun yi rubutu kan waɗannan fuskoki biyu, shirun na ƙasa da toshe kunnen na sama, kuma ayyukan nan uku sun nuna duka biyun. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar ƙaddamarwa duk abin da aka rufe a taruka yakan bayyana, sai dai a lokacin jama'a ne ke biyan kuɗinsa.

4.1 Misalan Gida

Misalan Nijeriya sun ƙara wasu darussa biyu. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC ya karɓi sakamakon zaɓen 'yan majalisar tarayya, ya ƙi karɓar na shugaban ƙasa tsawon sa'o'i. An fara amfani da shafin tun Agustan 2020 a zaɓen cike gurbi a Nasarawa, ya kuma yi aiki a zaɓukan gwamnoni. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta danganta matsalar ga yadda aka saita tsarin: kowane zaɓe yana rataye da wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa na ƙasa baki ɗaya ne. Ba aikin wannan maƙala ba ne shiga gardamar siyasar da ta biyo baya. Abin da ya shafi ɗalibi shi ne cewa nasarar tsari a yanayi ɗari ba ta zama shaida kan yanayi ɗaya da ba a gwada ba, kuma a nan wannan ɗayan shi ne mafi nauyi.

Darasi na biyu ɗaliban jami'o'in gwamnati sun sha shi a jikinsu. An fara gwada tsarin albashi na IPPIS a 2007 don toshe ma'aikatan bogi. Da aka nemi sanya malaman jami'a, ƙungiyarsu ta ASUU ta ƙi, tana cewa tsarin bai san malamin da ke hutun bincike ko mai koyarwar ziyara ba, kuma ya ci karo da 'yancin majalisun gudanarwar jami'o'i. Ta gina nata tsarin, UTAS. Batun na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, kuma a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, wannan shi ne giɓin Heeks tsirara: an zana tsari don ma'aikatar gwamnati, aka kai shi gidan da ke da wata al'adar aiki. Littafin koyarwa yana da babi kan masu ruwa da tsaki, amma yakan ƙare ne da zana akwati huɗu a jera sunaye.

Nijeriya na da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kuma hukumar NITDA na tantance ayyukan fasahar bayanai na ma'aikatu kafin a fara su. Manajan da zai yi aiki a ƙasar nan cikin waɗannan dokoki zai yi shi, tare da jinkirin sakin kuɗi da canjin farashin dala da ɗaukewar wuta. Kundayen Amurka da Birtaniya ba su rubuta masa wannan ba.

5.0 Abin da Ɗakin Karatu Ke Koyarwa a Ɓoye

A nan ne nazarin ya fi damun mai wannan rubutu. Ɗalibi na gudanar da aiki na gaske sau ɗaya tak kafin ya kammala digiri, wato firojet ɗinsa na ƙarshe. Me wannan aiki ke koya masa? Shi ko malaminsa ne ke zaɓar taken, babu mai aiki na waje da zai canza ra'ayi a tsakiya. Jadawalin Gantt da ke babi na uku sau da yawa bayan an gama komai ake zana shi, don cika shafi. Ranar kare firojet kuma ɗalibi ya san cewa idan manhajar ta yi tuntuɓe a gaban malamai makinsa ya tafi, don haka yakan haddace hanya ɗaya da ke aiki, ya bi ta a hankali, ya kauce wa maɓallan da ya san za su tona asiri. Wanda ya tashi ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ɓangaren bai yi aiki ba, ga dalili,” shi ne zai sha faɗa. Ba da niyya ba, sashe ya horar da shi kan ainihin ɗabi'ar da ta kayar da Queensland.

Akwai kuma matsalar kiyasi, wadda aka auna ta a kan ɗalibai kansu. Buehler da Griffin da Ross (1994) sun tambayi ɗaliban wata jami'ar Kanada yaushe za su gama kundin digirinsu. Matsakaicin kiyasinsu kwana 33.9 ne. Da aka ce su ɗauka komai ya lalace, suka ce 48.6. A zahiri sun ɗauki 55.5, wato sun wuce har mafi munin zatonsu. Wannan ya gaskata abin da Kahneman da Tversky suka bayyana a 1979, cewa mutum kan kiyasta aiki daga shirin da ke kansa, ya manta da yadda irin aikin ya kaya a baya. Karanta wannan a littafi ba ya warkar da kowa. Sai ɗalibi ya rubuta nasa kiyasin, ya ga ya ƙaryata shi da idonsa.

Za a iya cewa a wurinmu al'ada ta ƙara wa abin nauyi. Yaron da ya tashi da kunya da kara da girmama na gaba ba zai ji daɗin gaya wa darakta cewa ranar da ya sanar wa minista ba za ta yiwu ba. Akwai gaskiya a nan, amma a yi hattara da ɗora laifin kan tarbiyya. Keil da Im da Mähring (2007) sun yi gwaji a Amurka da Koriya ta Kudu. Inda babu wanda za a ɗora wa laifi, ba su ga bambanci mai ƙarfi tsakanin ɓangarorin biyu wajen yarda a kai mummunan labari ba. Inda aka samu wanda za a jingina wa laifin, Amurkawa ne bakinsu ya buɗe. Landan da Washington ba ƙasar Hausa ba ce, sun kuma yi shiru ko sun toshe kunne. Tarbiyyarmu ma tana da abin ginawa a kai, domin riƙon amana da faɗin gaskiya ga shugaba cikin ladabi ba baƙin abubuwa ba ne a cikinta. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne a koya masa lafazin da zai yi amfani da shi, a ba shi wurin gwadawa, kuma ya ga cewa wanda ya faɗa bai yi asara ba.

6.0 Gyaran da Ke Hannun Sashe

Wata ƙungiyar masana a Birtaniya da ta sake nazarin fannin, wadda Winter da abokan aikinsa suka wallafa sakamakonta a 2006, ta yi kira da a tashi daga horar da masu bin umarnin kundi zuwa tarbiyyar masu tunani kan aikinsu, bisa ra'ayin Schön (1983). Kira ne mai kyau, sai dai yana buƙatar a sauko da shi ƙasa, zuwa ajin da ke da ɗalibai masu yawa da kwamfutoci kaɗan. Kashi 30 da CCMAS ya bar wa jami'o'i ya isa a yi hakan.

Gyara mafi muhimmanci shi ne na maki. A raba makin firojet gida biyu, ɗaya ga manhajar, ɗaya ga yadda aka tafiyar da aikin. A gida na biyu, kowace ƙungiya ta miƙa kiyasinta a makon farko, a rufe shi, ba a taɓawa. Duk mako biyu ta kawo rahoton shafi ɗaya: abin da aka yi alkawari, abin da aka gama, abin da ya makale. Malami ya zaɓi ɓangare ɗaya da aka ce an gama ya gwada shi nan take. Ƙungiyar da ta bayyana matsala da wuri ta samu cikakken makin rahoto ko da aikin ya jinkirta. Wadda ta ce an gama aka tarar ba a gama ba ta rasa. Da zarar ɗalibai sun ga gaskiya na kawo maki, za su faɗe ta. Ranar kare firojet kuma a buƙaci jerin kurakuran da ƙungiyar ta sani, a ba malamin da bai san aikin ba linzamin kwamfutar ya danna inda ya ga dama.

Sannan a nemo mai aiki na gaske. Ba sai an je nesa ba: asibitin jami'a na da katunan marasa lafiya, ɗakin karatu na da rajistar aro, makarantar Islamiyya ta unguwa na da kuɗin wata da take bi da littafi. Irin waɗannan mutane za su ce abu yau su canza gobe, za su ƙi zuwa taro, za su ce takardarsu ta fi musu sauƙi. Wannan wahalar ita ce darasin. Malami na iya ƙara nasa da gangan, ya rage wa'adi a mako na bakwai, ko ya ɗauke mutum ɗaya daga wannan ƙungiya ya kai wata, don su ɗanɗana abin da Brooks ya faɗa. Horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun ITF ya fara tun 1973, shi ma ana iya ɗaure shi da kwas ɗin, a nemi ɗalibi ya dawo da bayanin aiki guda da ya gani a inda ya zauna: wa ke yanke hukunci, ta wace hanya labari ke hawa sama, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

A jarrabawar rubutu, lissafin silsila da na daraja su zauna, domin wanda bai iya su ba ba zai gane lokacin da ake yi masa wasa da lamba ba. Amma a ƙara tambaya irin wannan: ga rahoton gwaji mai kurakurai masu tsanani goma sha biyu, ga wasiƙar kwamishina da ke cewa gwamna zai ƙaddamar ranar Litinin; rubuta wa kwamishinan amsa da ba ta wuce rabin shafi ba. Za a duba ko ɗalibin ya faɗi matsalar a sakin layi na farko, ko ya bayyana abin da zai samu jama'a idan aka buɗe a haka, ko ya kawo mafita kamar buɗewa a ƙaramar hukuma ɗaya tukuna tare da barin tsohon tsari yana aiki, da kuma ko ya yi duk wannan cikin harshen da babba zai karanta har ƙarshe. Makin irin wannan tambaya ya fi cin lokacin malami, don haka a aji mai yawa sai a haɗa da ɗaliban digiri na biyu, a ba su ma'auni ɗaya rubutacce da za su bi.